Wanke Fim na Baƙi da Fari a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Kawuna mai hoto ne. Da kyamararsa Yashica a wuya yake bin kasuwannin ƙasar Ringim da gidajen biki, ya ɗauka, ya kai birni a wanke, ya dawo ya raba wa masu shi. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, aka miƙo mini akwatinsa na ƙarfe, ciki da kyamarar da ɗaurin negatif, wato wankakken fim da ake buga hoto daga jikinsa, da aka naɗe cikin tsohuwar jarida. Na ɗaga guda ɗaya na duba a hasken ƙofa, sai ga kakarmu da tulu a kai, har zanen tabarmar da ke bayanta ana gani. Tun ranar na ƙudura sai na koyi wankin nan da hannuna, a nan ƙauye, ba tare da na dogara da kowa a birni ba.

Yawancin bayanan da ake samu kan wannan sana'a an rubuta su ne don mutanen ƙasashen sanyi masu famfo a ɗaki. Mu kuwa zafi muke fama da shi, da ƙura, da ruwan da sai an ɗebo. Ga tambayoyin da matasa da dattawa suka fi yi mini.

Malam, wai har yanzu ana yin fim?

Ana yi. Kodak a Amurka na yin Tri-X 400, wanda ya fito a girman 35mm tun 1954. Ilford a Ingila na yin HP5 Plus da FP4 Plus, akwai kuma Kentmere da Fomapan masu sauƙin kuɗi. Wahalar ita ce isowarsa hannunka: sai dai saye ta intanet ko saƙo a hannun mai dawowa daga waje. Mai kawo maka kada ya sa shi cikin kayan da ake lodawa a cikin jirgi, domin na'urar binciken kaya tana iya yi masa hazo. Ya riƙe a hannu, ya roƙi a duba da ido.

Mai farawa ya ɗauki HP5 ko Kentmere 400. Suna da haƙuri da kuskure.

Na tsinci kyamara a kayan Baba. Yaya zan gane tana aiki?

Buɗe bayanta ba fim a ciki, ka nufi sama da ita, ka danna a kowane gudu, wato tsawon lokacin da ƙyaurenta ke buɗewa haske ya shiga. Daƙiƙa ɗaya ya kamata ka ji ta ja kamar daƙiƙa ɗaya, 1/500 kuma ƙiftawar ido. Sannan ka shafa yatsa a ramin da murfin baya yake shiga. Soson da ke wurin, wanda ke hana haske kutsawa, yakan narke ya zama kamar kwalta bayan shekaru. Kankare shi da tsinken ashana, ka liƙa zaren ulu baƙi a gurbinsa. Haska tocila cikin gilashin: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce da danshin damina ya haifar.

Kyamarori irin su Pentax K1000 da Zenit da Yashica mai ido biyu ba sa buƙatar batir kafin su ɗauka. Batirin na ma'aunin haske ne kawai. In ma'aunin ya mutu, ga ƙa'idar da kawu ya yi aiki da ita: a tsakar rana, sa faɗin ido a 16, gudu kuma ya yi kusa da lambar da ke nuna saurin kama hasken fim ɗin, wato 1/500 ga fim mai 400. A inuwar darbejiya ka buɗe zuwa 5.6. Ina ƙara buɗe ido mataki ɗaya idan fuskar mutum nake so, musamman mai farar riga a tsakar rana, don kada fuskar ta nutse.

Tunda ga waya a aljihu, me ya kai ka wannan wahala?

Ba na gaba da waya, da ita ma nake aika hotunan. Amma ka tambayi kanka hotuna nawa ka rasa da waya ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko memori ya lalace. Negatif ɗin kawu ya haura shekara arba'in a akwati, ba caji ba data, kuma yana nan. Azurfa ce ta gaske kwance a kan leda, ana riƙe ta a hannu. Abu na biyu, hoto 12 kacal gare ka a fim mai faɗi da ake kira 120, ko 36 a ƙaramin fim na 35mm, don haka sai ka gaisa da mutum, ka nemi izininsa, ka jira ya saki jiki. Hotunan da na ɗauka haka a kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis sun fi dubban da ke wayata daraja a wurina.

Wane kaya zan tanada?

Babban abu shi ne tankin wanki, wani baƙin gwangwanin roba mai murfi biyu wanda ruwa ke shiga haske ba ya shiga, da kwarkwaron da ake naɗe fim a kai. Na Paterson ne ya fi yawa, yana cin mililita 290 ga fim ɗin 35mm guda, 500 kuma ga 120. Wannan dole sai an saya. Ma'aunin zafin ruwa ma haka. Na asibiti ba ya yi, domin ba ya sauka zuwa digiri 20. Sauran kuwa duk ana samu a kusa: sirinji daga kemis, kofin awo na roba, almakashi, mabuɗin kwalbar lemo, maƙalan shanya, kwalabe masu murfi, da agogon waya.

Magani iri biyu ne ba makawa: ruwan fito da hoto, wanda masu hoto ke cewa dibelofa, da ruwan kafe shi, wato fiksa. Cikin dibelofa, a ƙauye na fi yarda da Rodinal. Tun 1891 aka ƙirƙiro shi a Jamus, ruwa ne mai kauri da ake ɗiban kaɗan a tsarma, kuma yana shekaru a kwalba ko ya yi baƙi kamar shayi. D-76 na Kodak da ID-11 na Ilford gari ne, hotonsu ya fi laushi, amma da zarar an dama su wata shida suke yi a cikakkiyar kwalba, zafinmu kuma yana rage musu kwana.

Ba ni da ɗakin duhu. In sa jan ƙwai kamar yadda ake nunawa a talabijin?

A'a, ɗan'uwa. Jan ƙwai na takardar hoto ne. Fim yana ganin ja kamar yadda yake ganin kowane launi, zai ƙone. Duhu ake so ƙirin, amma na minti biyar zuwa goma kawai, iya lokacin da za ka naɗa fim a kwarkwaro ka rufe tanki. Daga nan komai a fili ake yi.

A nan ƙauye ya fi birni. Ɗakin soro na ƙasa mai ƙaramar taga, bayan sallar isha'i a daren da ba farin wata, ya fi ɗakin duhun situdiyo da yawa. Na kan toshe tagar da matashi, in rataya bargo a ƙofa, in danne ƙasansa da tabarma, in bar waya a waje. Sai in zauna minti biyar. Ido yakan buɗe a hankali, ka fara ganin wani siririn haske a gefen azara ko ƙasan ƙyaure wanda da ba ka lura da shi ba. In ka iya ganin tafin hannunka, ɗakin bai yi ba.

Kafin in kashe fitila na kan jera komai a faranti, kowanne da mazauninsa: fim a dama, mabuɗi da almakashi a tsakiya, kwarkwaro da sandarsa da murfi a hagu. Ka ɓalle murfin gwangwanin fim, ka yanke harshensa ya miƙe, ka lalubo ƙofar kwarkwaro da babban yatsa, ka zura, ka riƙa murɗa gefe da gefe. Za ka ji wani ƙas-ƙas a hankali yayin da fim, mai tsawon fiye da mita ɗaya da rabi, yake shiga. In ya cije kada ka tilasta. Buɗe kwarkwaron ka sake.

Abokin gaba a nan gumi ne. Ɗigo ɗaya a kwarkwaron roba ya isa ya sa fim ya manne. Ajiye tsumma a cinya, ka shanya kwarkwaron a rana tun da yamma. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: sami lalataccen fim ka yi ta naɗawa da rana, ido buɗe, sannan ido rufe, har hannu ya haddace.

To, tanki ya rufu. Sai me?

Misali HP5 Plus da Rodinal. Awo ɗaya na magani, hamsin na ruwa: mililita 6 cikin 300, ko 10 cikin 500. A digiri 20, minti 11 ne. Zuba da sauri, ka kunna agogo, ka riƙa kifa tanki kana miƙewa a hankali na rabin minti. Daga nan kowane minti ka kifa sau huɗu, ka ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim. In ID-11 ne rabi da rabi da ruwa, minti 13. Kowane fim da nasa lokaci, yawanci an buga shi a cikin kwalinsa.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, fuskar fim tana shafe da ƙwayoyin gishirin azurfa cikin wani abu mai kama da ƙaro. Waɗanda haske ya taɓa, dibelofa na mai da su baƙar azurfa. Lokaci na cika sai ka zubar, ka zuba ruwan tsayarwa na rabin minti: awo ɗaya na farin binega cikin huɗu na ruwa, ko ruwa zalla sau biyu. Sai fiksa, wadda ke narkar da gishirin da haske bai taɓa ba. Ta Ilford awo ɗaya ce cikin huɗu na ruwa, minti biyu zuwa biyar. Ba a zubar da ita, a mayar kwalba. Bayan fiksa ne kaɗai ake buɗe tanki.

Ruwanmu ba ya kusa da digiri 20. Yaya kake yi da bazara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka, kuma a nan na yi asarar da har yau take ci mini rai. Wata shekara cikin Afrilu na ɗauki wani dattijon maƙeri a garinmu yana bakin zuga-zugi, hoto goma sha biyu. Na sanyaya dibelofa da ƙanƙara yadda ya kamata, amma na ɗauraye da ruwan jarkar da ta yini a rana. Fuskar fim ɗin ta kumbura ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kafin in koma in sake ɗaukarsa, Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yansa sun tambaye ni hoton, ban da abin ba su.

Darasi biyu ke ciki. Na farko, duk ruwan da zai taɓa fim, daga dibelofa har ɗaurayar ƙarshe, ya zama zafinsu ɗaya, ko da bambanci kada ya wuce digiri biyu zuwa uku. Sauyin zafi na farat ɗaya ya fi zafin kansa ɓarna. Na biyu, zafi na gaggauta dibelofa. Kowane digiri ɗaya sama da 20, rage kusan kashi goma cikin ɗari na lokaci. Minti 11 zai koma wajen bakwai da rabi a digiri 24. A digiri 30 kuwa ya faɗi ƙasa da minti huɗu, kuma duk wankin da bai kai minti biyar ba yakan fito da dabbare-dabbare, domin lokacin zubawa da zubarwa ma ya ci rabonsa.

Don haka ba na kokawa da 20. Digiri 24 nake nema, kuma randa ce ke kai ni kusa. Randar ƙasa tana tsattsafo, iska na busar da tsattsafon, ruwan ciki na sanyi. Iska busasshiya irin tamu ita ta fi dacewa da hakan. Na kan cika sabuwar randa da yamma a inuwa inda iska ke bi, in jefa kwalaben fiksa da na ruwan ɗauraya a rufe cikin wani kwatarniya mai ruwan randar, su kwana tare. Bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, sai in auna. In da saura, ledar fiya wata ɗaya mai ƙanƙara daga mai firjin sola ta isa, a sa ta cikin kwatarniyar ba cikin magani ba. Tankin ma a cikin ruwan yake zama tsakanin kifawa, don zafin hannu da na iska kada su ɗaga shi.

Da hunturu lamarin yakan juye. A Disamba da Janairu ruwan randa da asuba na iya sauka ƙasa da 20, sai ka ɗan surka da na buta.

Ruwan rijiya zai yi? Kuma bokiti nawa zan ƙarar?

Zai yi in ya kwanta ya yi garau. Bar shi ya kwana, ka tsiyaye na sama, ka tace da kallabi mai tsafta ninki huɗu. Kada ka sa alif. Ruwan burtsatse ya fi tsafta amma wani yana barin farin tabo in ya bushe, shi ya sa nake dama magani da yin ɗaurayar ƙarshe da fiya wata.

Ba sai ka ƙarar da bokiti ba. Ilford na da hanya: cika tanki, kifa sau biyar, zubar, cika, kifa sau goma, zubar, cika, sau ashirin, zubar. Lita biyu ta yi yawa ma. Ni na kan ƙara zagaye ɗaya. Kada a yi ha'inci a nan, domin fiksar da ta rage a jikin fim ita ke mai da shi rawaya bayan shekaru.

Na wanke lafiya, amma hoton duk ɗige-ɗige.

Ƙura ce. Jiƙaƙƙen fim kamar ƙaro yake, abin da ya sauka a kai ya zauna ke nan. Da hunturu kuwa iskar kanta ƙura ce. Yayyafa ruwa a daɓen ɗaki rabin awa kafin shanya, kada a yi shara, rufe ƙofa da taga, kashe fanka. Na fi son in rataye fim cikin gidan sauro da na fesa wa ruwa, da maƙali ɗaya a sama, biyu a ƙasa don ya miƙe. A ruwan ƙarshe sa ɗigon Photo-Flo, wani ruwa mai kama da sabulu da ake yi don fim, ruwa ya sulale bai bar tabo ba. Kada ka share da yatsa ko tsumma, a zafinmu fuskar fim tana da taushi. Fita ka ja ƙofa, kada ka leƙa sai bayan awa biyu.

In dibelofa ta ƙare fa? An ce Nescafé na yi. Kanwa fa?

Gaskiya ne, kuma na gwada. A lita ɗaya ta ruwa: giram 54 na soda ash, giram 16 na bitamin C, giram 40 na garin Nescafé, a narkar da su bi da bi a wannan jeri, a wanke minti 15 a digiri 20. Ya fi kyau da fim mai lamba 100. Yana da wari, ba ya kwana, amma hoto na fita. Soda ash tana wurin masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa. Ka kula ƙwarai kada a ba ka kostik soda, wadda ke cin fata ta kuma saɓule fuskar fim.

Kanwa tana ɗauke da dangin wannan soda, amma haɗe da yashi da wasu gishiri, kuma ƙarfin ta yau daban da na gobe. Ba zan sa fim ɗin da nake ji da shi a ciki ba.

Fiksa ce ba ta da madadi a kicin. Gishirin miya ba ya yi. Abin da ke yi shi ne fiksar fim ɗin hoton ƙashi da masu sayar da kayan asibiti ke da ita. Ko wace iri ce, gwada ta da harshen fim ɗin da ka yanke: tsoma shi a fili, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka ya yi garau, sannan ka ba fim ɗinka ninki biyu na wannan. Ranar da lokacin ya ninka na sabuwar fiksa, ta gaji.

Fim ɗina ya fito fayau, ba komai a kai.

Duba gefensa. In lambobi da sunan kamfani sun fito baƙi, wankinka lafiya, kyamara ce ba ta ja fim ba ko ƙyaurenta bai buɗe ba. In gefen ma fayau ne, ko dibelofa ta mutu ko ka fara zuba fiksa. Rubuta suna a kowace kwalba. In ya fito baƙi har gefe, haske ya same shi. In kuma ya yi fari-fari kamar madara, fiksa ba ta gama ba, mayar da shi cikin sabuwa, zai gyaru.

Akwai tsohon fim a cikin kyamarar marigayi. A wanke?

A wanke, amma kada ya zama na farkonka. Kada a buɗe bayan kyamarar sai an naɗe shi. Zafin shekaru zai sa ya yi hazo, duk da haka sau da yawa fuskoki na fitowa. Koyi da fim uku ko huɗu tukuna. In an rubuta C-41 a jikinsa, mai launi ne, wankinsa daban.

Ina da yara da awaki a gida. Maganin nan ba guba ba ne?

Tambayarki a kan hanya take, 'yar'uwa. Guba ne in an sha, kuma Rodinal da ba a tsarma ba yana ƙuna a ido da fata. Kada ki taɓa zuba shi a robar lemo, domin launinsa ya yi kama da abin sha. Sa shi a akwati mai kwaɗo. Kofi da mazurarin wanki kada su koma madafa. Sa safar hannu, wasu fatarsu na ƙaiƙayi da D-76.

Tsohuwar fiksa tana cike da azurfa mai kashe kifi da ƙananan halittun ruwa. Kada ta je kududdufi, ko kusa da rijiya, ko kwatar da agwagi ke sha. Tara ta a jarka, ki jefa soson ƙarfe na wanke tukunya, ya yi kwanaki. Azurfar za ta kwanta baƙa a ƙasa. Ruwan saman ki zuba a buɗaɗɗen kwano inda dabba ba ta kai wa, rana ta ƙafar da shi.

Yaya zan mai da shi hoton da za a gani?

Kunna farin shafi a fuskar wata waya, ƙure haskenta, ka ɗora negatif a kan gilashi ɗan sama da ita, kamar kaurin yatsa biyu, don ɗigon allon kada ya fito. Ɗauka da wata wayar a ɗaki mai duhu, ka jingine ta a kan littattafai kada ta motsa. A manhajar Snapseed ka juya layin haske, baƙi ya koma fari. Wannan ya isa WhatsApp, ya kuma isa a buga ƙaramin kati a situdiyo.

Ina zan ajiye negatif?

Yanka shi shida-shida in 35mm ne, uku-uku ko huɗu-huɗu in 120 ne, ka riƙa kama shi ta gefe. Kowane yanki da nasa ninkin farar takarda, ba leda ba, domin leda na tara gumi da damina. Rubuta da fensir a kan takardar: rana, gari, sunan wanda ke ciki da na mahaifinsa. Na kawu babu ko ɗaya mai suna, yanzu haka ina yawo da su gidan tsofaffi ana gaya mini wane ne wane, wasu kuma an rasa mai shaida su.

Sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ɗora a kan kanta nesa da bango saboda gara, ba kuma dab da rufin kwano ba. Jefa 'yan ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Cikin Agusta, in aka sami rana mai iska, buɗe gwangwanin a inuwa ya sha iska awa ɗaya, ka gasa ƙullin a rana, ka mayar ka rufe.